Farautar Dila A Sararin Sama: Ladabin Kiran Tashoshin Ayari

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san darajar akwatin rediyo. Tun daga shekarar 1957, lokacin da gidan rediyon BBC ya fara watsa shirye-shirye da harshen Hausa, magidanta suka saba da murɗa akwati da sassafe da kuma almuru, suna laluben Landan a gajeren zango, suna jure wa ƙara da ƙugi har muryar mai karanta labarai ta fito sarai. Amma wannan duka sauraro ne, watau wani ya yi magana daga nesa, jama'a su kasa kunne. Akwai kuwa waɗansu mutane a kusan kowace ƙasa ta duniya waɗanda ba su tsaya ga sauraro ba. Su kan nemi lasisi daga gwamnatinsu, su kafa ƙaramar tasha a cikin gida, su ɗaga eriya a kan rufi ko a tsakar gida, sa'an nan su riƙa aika saƙo suna karɓar amsa daga takwarorinsu na ƙasashe masu nisa. Ba don kuɗi suke yi ba, ba kuma don siyasa ko talla ba, domin doka ma ta hana su haka. Waɗannan su ne masu rediyon sha'awa.

Kowane ɗayansu yana da lambar kira tasa shi kaɗai, farkon lambar kuwa shi ke nuna ƙasar da ya fito, bisa rabon da Hukumar Sadarwa ta Duniya mai mazauni a Janiba ta yi. Lambobin Nijeriya da 5N suke farawa, na Jamhuriyar Nijar da 5U, na Ghana da 9G, na Kamaru da TJ, na Chadi kuwa da TT. Suna da ƙungiya ta duniya wadda aka kafa a birnin Faris a shekarar 1925, Ƙungiyar Masu Rediyon Sha'awa ta Nijeriya, watau NARS, tana cikin wakilanta.

Babban burin mutane da yawa daga cikinsu shi ne tara ƙasashe. Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka tana ba da wata takardar yabo mai suna DXCC ga duk wanda ya kawo shaidar cewa ya yi musayar saƙo da ƙasashe ko yankuna 100, jerin nata kuwa ya ƙunshi 340, har da tsibiran da babu kowa a cikinsu sai tsuntsayen teku. To, a nan gizo ke saƙar. Ƙasa kamar Jamus ko Japan tana da dubban tashoshi, samunta ba wuya. Amma ƙasar da masu lasisi ƙalilan ne a cikinta, ko tsibirin da ba mazauna, sai an yi takakkiya an je an kafa tasha ta 'yan kwanaki kafin sauran duniya ta samu damar jin ta. Irin wannan tasha ita ce tashar ayari, domin mutane ne su kan haɗa kuɗi da kaya, su yi ayari kamar fatake, su sauka a wuri su yi zango na mako ɗaya ko biyu ko fiye, su naɗe kayansu su koma gida.

Nijeriya, duk da yawan jama'arta, tana cikin ƙasashen da ba a cika jin lambarsu a iska ba. Wannan ne ya sa a watan Janairu na shekarar 2025 wani ayari na ƙungiyar Rebel DX Group ya sauka a Abuja, ya kafa tasha mai lambar kira 5N9DTG, ya shafe kwanaki yana amsa kira daga nahiyoyin duniya. Mutanen birnin suna ta harkokinsu a Wuse da Garki da Maitama, galibinsu ba su da labarin cewa a waɗannan kwanaki akwai mutane a Turai da Asiya da Amurka waɗanda suka hana idonsu barci suna jiran lambar Nijeriya ta bayyana a fuskar kwamfutarsu.

An ce fuskar kwamfuta ne, domin yanzu yawancin wannan farauta ba da murya ake yinta ba, ba kuma da bugun waya irin na tangarahun da ba. A shekarar 2017 wasu masana biyu na Amurka, Joe Taylor da Steve Franke, suka fito da wata hanyar aika saƙo da ake kira FT8, cikin manhajar WSJT-X wadda ake samu kyauta. Taylor ba ƙaramin mutum ba ne a fagen ilmi, shi ne wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a ilmin fiziks a shekarar 1993 tare da Russell Hulse, saboda binciken da suka yi a kan taurari. Ya saba da tsamo siginar da ta raunana daga cikin hayaniyar sararin sama, wannan gwaninta ce kuwa ya kawo wa masu rediyon sha'awa.

Yadda abin yake shi ne, ana haɗa rediyo da kwamfuta, kwamfutar ta mai da ɗan gajeren saƙo ya zama amo mai sauti takwas, faɗinsa haz 50 kacal. An raba kowane minti gida huɗu, kowane gida sakan 15. A gida ɗaya tasha ta aika, a na gaba ta yi shiru ta saurara. Saƙon ba ya ɗaukar hira, iyakarsa lambobin kira biyu, da lambar da ke nuna inda mai kira yake a taswirar duniya, da rahoton ƙarfin sigina. Tsakiyar birnin Abuja, alal misali, lambarta a wannan taswira ita ce JJ39. Abin mamakin shi ne, kwamfuta tana iya karanta saƙon ko da ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na hayaniyar da ke kewaye da shi ba, a daidai lokacin da kunnen ɗan Adam ba ya jin kome sai shuu. Saboda haka mutum mai ƙaramar rediyo da 'yar waya a rataye a bishiya zai iya isa Birazil ko Ostireliya daga Gwagwalada.

Sai dai sauƙin nan ya zo da tasa matsala. Idan tashar ayari ta bayyana, ɗaruruwan tashoshi ne za su far mata da kira a lokaci guda, kowa yana so a amsa masa kafin a naɗe kaya. Domin maganin wannan cunkoso, a shekarar 2018 masu manhajar suka ƙara wani tsari na musamman, suka laƙaba masa sunan wata dabba 'yar'uwar dila wadda mutanen Ingila suka saba farauta da karnuka. A wannan tsari tashar ayari ita ce dila, masu nemanta kuwa su ne karnukan farauta. An gwada shi a babban ayari a tsakiyar wannan shekara, a tsibirin Baker da ke tsakiyar tekun Fasifik, da lambar kira KH1/KH7Z.

Duk wanda ya taɓa bin mafarauta daji ya san farauta ba hargitsi ba ce. Akwai shugaba, akwai wurin tsayuwar kowa, akwai kuma hukuncin wanda ya fara jifa. Haka nan wannan farauta ta iska take da ƙa'idodinta, kowace ƙa'ida kuwa akwai dalilin da ya sa aka kafa ta.

Ta farko ita ce sauraro kafin kira, da karanta sanarwar ayarin kafin a taɓa rediyo. Kowane ayari ya kan bayyana tun da wuri zangon da zai yi aiki a kai da tsarin da zai bi. Akwai wuraren da aka saba haɗuwa domin FT8 na yau da kullum, kamar megahaz 14.074 a kan mita 20, da 7.074 a kan mita 40, da 21.074 a kan mita 15. Waɗannan kamar kasuwa suke, kowa da kowa na ciki, masu manhajar kuwa sun hana a yi farautar dila a cikinsu, domin tururuwar masu kira za ta danne sauran jama'a. Dila wani wuri dabam ya kan keɓe. Bugu da ƙari, ba kowane ayari ke bin tsari iri ɗaya ba. Waɗansu suna amfani da wata manhaja mai suna MSHV wadda aka ƙirƙira a ƙasar Bulgeriya, ita ma tana iya amsa wa mutane da dama a lokaci guda, amma dokokinta ba daidai suke da na dila ba. Wanda bai karanta sanarwa ba zai yini yana kira ta hanyar da ba za a taɓa jinsa ba.

Ta biyu ita ce daidaita agogo. Tun da yake kome ya dogara ne a kan gidajen sakan 15, lalle ne agogon kwamfuta ya yi daidai da agogon duniya, kuskuren kada ya wuce sakan ɗaya. Dila yana aikawa ne a farkon minti da kuma a sakan na 30, karnuka kuwa a sakan na 15 da na 45. Wanda agogonsa ya karkace, ko ya zaɓi gidan da ba nasa ba, zai riƙa magana ne a lokacin da dila ke magana. Ba a jinsa, shi ma ba ya ji, ga shi kuma ya toshe wa maƙwabtansa kunne. Ya kamata kuma a tuna jadawalin ayari da agogon duniya ake rubuta shi, agogon Nijeriya da Nijar kuwa yana gabansa da awa ɗaya.

Ta uku ita ce kowa ya tsaya a gefensa. A cikin faɗin da rediyo ke ji, an ware wa dila tsakanin haz 300 zuwa 900, masu kira kuwa daga haz 1,000 zuwa sama. Mai kira zai nemi wurin da ba cunkoso ya aika lambar dila da tasa da lambar wurinsa. Idan dila ya zaɓe shi ya aiko masa da rahoto, a sa'an nan ne kaɗai manhajar za ta sauko da shi ƙasa zuwa yankin dila domin ya mai da nasa rahoton. Dila ya rufe da RR73, watau ya karɓa kuma yana gaisuwa, shi ke nan an gama, an shigar da lambar a littafi. Wanda ya fara kira a ƙasan haz 1,000, manhajar dila ba ta ko kallonsa, illa dai ya tsaya a bakin ƙofa ya tare wa wanda aka riga aka yi wa izinin shiga.

Ta huɗu, wadda aka fi karyawa, ita ce kada mutum ya kira dilan da ba ya ji. Mutane da yawa su kan ga labari a intanet cewa tasha kaza tana kan zango kaza, sai su kunna rediyo su shiga kira alhali kwamfutarsu ba ta karanta ko kalma ɗaya daga gare ta ba. Ɓarnar da ke cikin wannan sai an yi lissafi take fitowa. Dila yana iya aika saƙo har guda biyar a lokaci ɗaya, amma kowane ƙari yana rage ƙarfin sauran. Idan ya aika biyar, kowane ɗaya kashi ɗaya cikin 25 na ƙarfin rediyon yake samu, watau rediyo mai wat 100 za ta zama kamar mai wat 4 a kunnen kowane mai kira. To, idan ya zaɓi mutumin da ba ya jinsa, zai aika masa rahoto, ya sake aikawa, ya kuma sakewa, ba amsa. A cikin awa ɗaya sau 120 kacal dila ke da damar buɗe baki. Masu manhajar sun ƙiyasta cewa idan kome ya tafi daidai ana iya sallamar mutum kusan 500 a awa, kowane kurman mai kira kuwa yana cinye rabon wasu ne daga cikin wannan adadi.

Ta biyar ita ce barin ƙarfa-ƙarfa. Akwai masu zaton cewa wanda ya fi ƙarfin rediyo shi ake fara amsa wa, saboda haka su kan ƙure ƙarfi har siginarsu ta fantsama ta ɓata ta wasu. Alhali kuwa manhajar ta ba dila ikon ya sa iyaka, duk wanda ƙarfinsa ya wuce ta a tsallake shi. Tana kuma ba shi ikon ya kira nahiya ɗaya kawai. Idan ya ce Afirka yake nema, na Turai da na Asiya sai su dakata. Wannan ƙa'ida ta fi amfanar mutanen wannan yanki, domin tashoshin Afirka kaɗan ne, galibinsu kuma ƙanana, ba don irin wannan keɓewa ba da tashoshin Turai sun rufe su ruf.

Ta shida ita ce wanda ya samu ya koma gefe. Ayari da yawa suna ɗora littafinsu a shafin Club Log, inda mutum zai duba ya ga ko lambarsa ta shiga. Wanda aka riga aka rubuta a kan mita 20 ba shi da dalilin sake kira a kan mita 20 da hanya iri ɗaya. Kamar mutumin da ya ɗebi ruwa a famfo ne ya zagaya ya sake shiga layi da tulun da ya riga ya cika, alhali ga masu tulu wayam a bayansa.

Wanda yake ganin waɗannan ƙa'idodi wasa ne, sai ya dubi abin da ya faru a tsibirin Bouvet a watan Fabrairu na shekarar 2023. Tsibirin mallakar ƙasar Norwe ne, yana can kudancin tekun Atlantika, ƙanƙara ta rufe kusan dukkansa, babu kuma wani tsibiri a duniya da ya kai shi nisa daga kowace ƙasa. A lokacin shi ne na biyu a jerin wuraren da aka fi nema, bayan Koriya ta Arewa. Ayarin 3Y0J ya kashe dubban ɗaruruwan daloli, ya ratsa teku mai haɗari a cikin jirgin ruwa mai filafilai, amma igiyar ruwa da iska suka hana a sauke yawancin kaya. Da 'yan ƙananan rediyo suka yi aiki a cikin tanti, suka tashi da musayar saƙo ƙasa da 20,000, adadin da bai kai kusa da abin da suka yi niyya ba. A cikin 'yan kwanakin nan masu tsada, sai ga waɗansu suna tayar da hayaniya da gangan a kan zangonsu, waɗansu kuma suna aron lambarsu suna amsa wa jama'a da sunansu. Mutane da dama sun kwana da murna sun samu Bouvet, daga baya suka duba littafi suka tarar ɓarawon lamba ne ya yaudare su.

Irin wannan yaudara tana cikin dalilan da suka sa a shekarar 2024 aka fito da sabon tsari mai suna SuperFox, watau babban dila, aka yi aiki da shi a ayarin N5J na tsibirin Jarvis a watan Agusta na wannan shekara. A sabon tsarin, dila yana aika sigina ɗaya ce mai faɗin haz 1,500 da 'yan kai, wadda ke ɗauke da amsar mutum har tara ba tare da an raba ƙarfinta ba. Tana kuma tafe da wani hatimi na sirri wanda ke nuna wa mai kira cewa tashar ta gaske ce. Masu kira ba sa bukatar tsayawa sama da haz 1,000, ba sa kuma saukowa idan an amsa musu. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, saboda haka wanda ya riƙe tsohuwar manhaja ba zai ma iya karanta babban dila ba. Wannan ya sake komo da magana kan ƙa'ida ta farko, watau a karanta sanarwa a san irin dilan da ake bi.

Akwai masu sukar wannan hanya gaba ɗayanta, a cikin masu rediyon sha'awa kansu. Suna cewa kwamfuta ce ke magana da kwamfuta, babu gaisuwa, babu jin muryar ɗan'uwa, babu gwanintar kunne irin ta masu bugun waya. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, musamman da yake an samu masu barin kwamfuta tana kira ita kaɗai su tafi su kwanta, abin da masu ba da takardar DXCC ba su yarda da shi ba. Amma ga mutumin da ke zaune a unguwar da janareto ke ruri ta kowace kusurwa, da na'urorin caji da fitilu masu cika iska da hayaniya, wanda kuma ba shi da filin kafa doguwar hasumiya, wannan hanya ita ce ƙofar da ta rage masa a buɗe. Halin da yawancin mazauna Abuja da Kano da Kaduna suke ciki ke nan.

Abin da ya kamata ya dami mai karatu shi ne, me ya sa sai baƙi sun yi ayari daga wata nahiya kafin duniya ta ji lambar 5N sosai? Ƙasar nan tana da jami'o'i da kwalejojin fasaha masu sassan koyar da aikin lantarki da sadarwa, tana kuma da matasa waɗanda suka ƙware wajen gyaran waya da kwamfuta a kasuwanni. Tasha ɗaya a makaranta za ta koya wa ɗalibi a aikace yadda sigina ke tashi ta bugi saman iska ta dawo ƙasa a wata nahiya, da yadda hasken rana da zagayenta na kimanin shekara 11 ke buɗe zango ko rufe shi. Ba kuma ilmin nishaɗi ba ne kawai. Lokacin girgizar ƙasar Nepal a shekarar 2015, da lokacin da guguwar Mariya ta rusa hanyoyin sadarwa a tsibirin Puerto Rico a 2017, masu rediyon sha'awa sun isar da saƙonnin agaji a inda wayar salula ta mutu. Ƙasar da ambaliya ke yanke garuruwa a cikinta kusan kowace damina ba za ta rasa amfanin irin waɗannan mutane ba.

Sai dai bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Sauraro kowa yana iya yi, amma aika sigina ba tare da lasisi ba laifi ne a dokar ƙasa, a wannan zamani na matsalar tsaro kuwa ba laifin da hukuma za ta ɗauka da wasa ba ne. Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya da ke Abuja ita ke ba da lasisin, ya kuma dace ta sauƙaƙa hanyar samunsa, ta bayyana sharuɗɗansa a fili, ta kuma wayar da kan jami'an tsaro da na kwastan domin su san bambancin mai lasisi da mai mugun nufi. Ƙungiyar NARS ita ma akwai aiki a gabanta na shiga makarantu, musamman na jihohin Arewa. Ranar 18 ga watan Afrilu ta kowace shekara ita ce ranar masu rediyon sha'awa ta duniya, babu kuwa lokacin da ya fi ta dacewa da a kafa tasha a harabar wata makaranta a bar ɗalibai su gani da idonsu.

Wanda ya samu lasisi kuwa ya sani cewa ba shi kaɗai yake tafe ba. A wannan fage ba a ganin fuska, ba a jin murya, ba a san mai kuɗi ko talaka ba. Abin da ke bayyana a fuskar dubban kwamfutoci shi ne lambar kira, farkonta kuma sunan ƙasa ne. Idan mai 5N ya daidaita agogonsa, ya tsaya a gefensa, ya jira har a kira shi, ya kuma kauce bayan an sallame shi, mutanen da ba su taɓa taka ƙasar nan ba za su shaidi mutanenta da ladabi. Idan kuwa ya yi kutse da hargowa, da sunan ƙasar za a tuna da shi. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa, a farautar dila kuwa haƙurin sakan 15 ne ake nema daga kowa, sau da yawa a jere, har layi ya zo kansa.